Yadda Na Haɗa Na'urar Jiran Ruwa a Gidanmu na Damagaram

Duk wanda ya zauna a Damagaram ya san ruwan famfo ba shi da alƙawari, musamman daga watan Maris zuwa faɗuwar damina, lokacin da zafi kan haura digiri 40 kuma kowane gida yake buƙatar ninkin abin da ya saba amfani da shi. Garin a kan dutse yake zaune, irin manyan duwatsun nan da suka yi tsiri-tsiri a tsakanin gidajen Birni, shi ya sa rijiya ba ta cika yin albarka a cikinsa ba, sai dai a jawo ruwa daga nesa, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram. Kafin ya iso unguwarmu ƙarfinsa ya ragu ƙwarai, kuma galibi sai dare ya raba, bayan waɗanda suke gabanmu a kan layi sun rufe nasu famfunan sun kwanta. Saboda haka a gidanmu akwai wani aiki da ba a rubuta shi a ko'ina ba, wato jiran ruwa, kuma shekara da shekaru maiɗakina ce take ɗauke da shi. Takan shimfiɗa tabarma kusa da famfon tsakar gida, ta ajiye tasar ƙarfe a ƙarƙashinsa, domin ƙarar ɗigon farko ta tashe ta.

A cikin azumin 2024, wata rana gajiya ta rinjaye ta bayan ta zura tiyo a tanki, barci ya ɗauke ta, ruwa ya zo ya cika tankin ya yi ta ambaliya har lokacin sahur. Da na buɗe ƙofar gida zan tafi masallaci, sai na tarar ruwan ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya kwanta a kan hanya, ga kuma yaran maƙwabta sun fito da bidunan da babu komai a cikinsu suna neman ƴan ga-ruwa. Babu wanda ya ce mini uffan, amma abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin a garin nan zubar da ruwa ba ƙaramin abin kunya ba ne, kuma na san ba laifinta ba ne, nauyin ne ya yi wa mutum ɗaya yawa. A ranar na ƙudura cewa sai na samo abin da zai karɓe mata wannan jira.

Ni malamin lissafi da kimiyya ne a wata makarantar sakandare, na daɗe ina rubuta dokar Ohm a kan allo, amma har zuwa lokacin ban taɓa haɗa wani abu mai aiki da hannuna ba. Wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Jami'ar André Salifou ne ya fara nuna mini allon Arduino, ya kuma bayyana mini cewa abin da ke tsakiyarsa wata ƴar ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki ce, wadda masana ke kira maikurokwantirola. Bambancinta da kwamfuta shi ne ba ta da allon kallo ko madannai, aiki ɗaya ake koya mata ta yi ta maimaita shi muddin akwai wuta, tana sauraron abin da ke shigowa ta wasu ƙafafunta, tana ba da umarni ta wasu. An fara yin Arduino a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005 domin ɗalibai waɗanda ba injiniyoyi ba, kuma da yake masu shi sun bar tsarinsa a buɗe, kamfanoni da yawa suna ƙera irinsa da araha. Wanda na zaɓa shi ne Nano, mai tsawon ɗan yatsa, wanda ke ɗauke da ƙwaƙwalwar ATmega328P. Tana aiki da bolt 5, tana bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa, wurin ajiye umarninta kilobait 32 ne, wurin tunaninta na wucin gadi kuwa kilobait 2 kacal. Da farko na raina waɗannan alƙaluma, tunda wayar da ke aljihuna ta ninka su sau dubbai, amma har na gama aikin ban cika rabin wurin ba.

Samun kayan ya ɗauki lokaci. A Kasuwar Dole ana samun waya da dalma da batir da kayan gyaran rediyo, amma allon da ma'aunan sai daga Kano. Na yi sa'a an sake buɗe iyakar Nijar da Nijeriya a watan Maris na shekarar, sai na rubuta wa wani ɗan'uwana da ke fatauci sunayen kayan a takarda, na haɗa masa da hotunansu ta WhatsApp, ya je kasuwar Sabon Gari ya yi ta nuna wa masu shaguna har ya haɗo su. Bayan sallah ƙarama ya kawo mini allon Nano guda biyu, da ma'aunin gudun ruwa, da ma'aunin nisa mai aiki da sauti, da rile biyu, wato makunnan da lantarki ke kunnawa da kashewa, da ƙararrawa, da allon gwaji mai ramuka wanda ake soka waya a ciki ba tare da dalma ba. Shawarar sayen allo biyu ta ɗalibin nan ce, kuma daga baya na gode masa a kanta.

Daren farko bai tafi yadda na so ba, domin da na jona allon da kwamfutata sai ta ƙi gane shi gaba ɗaya. Na canja waya, na canja rami, na sake kunna kwamfutar, duk a banza, sai washegari na gano cewa allunan araha suna amfani da wani ɗan guntu mai suna CH340 wajen magana da kwamfuta, kuma sai an sauke masa manhajarsa ta daban daga intanet. Da na yi haka, na tura masa shirin gwaji na farko da kowane mai koyo yake farawa da shi, wanda ke kunna ƴar fitilar da ke haɗe da ƙafa ta 13 na daƙiƙa ɗaya ya kashe ta na daƙiƙa ɗaya. Na canja 1000 da ke cikin umarnin zuwa 200, na sake turawa, sai fitilar ta shiga ƙiftawa da sauri. Na daɗe zaune ina kallonta, domin wannan ne karo na farko da lambar da na rubuta ta motsa wani abu a zahiri a gaban idona.

Liƙa waya da dalma kuwa a wurin wani dattijo mai gyaran rediyo na koya, wanda ke da ƴar rumfa a gefen kasuwa. Ranar da na je babu kuran, wato wutar lantarki, na ɗauka zan koma ne, sai na ga ya jawo murhun gawayin da yake dafa shayi, ya tura wani ƙarfe mai kan tagulla a cikin garwashi. Da ya yi zafi ya goge bakinsa a jiƙaƙƙen tsumma, ya ɗora shi a kan wayar da ƙafar da za a haɗa, ya ƙirga uku a hankali, sannan ya kawo dalmar ta ɗaya gefen, ta narke ta bi wayar kamar man shanu a kan tuwo mai zafi. Ni kuwa da na karɓa sai na narka dalmar a bakin ƙarfen na ɗiga ta a kan wayar, ta dunƙule ta yi fari-fari. Ya ɗauki abin ya ja da yatsa biyu, nan take ya rabu.

"Malam, ba dalma ake gasawa ba, waya ake gasawa," in ji shi. "In wayar ta yi zafi, ita da kanta za ta kira dalmar."

Na ce, "Baba, to yaya zan gane ta kama?"

Ya ce, "In ta yi sheƙi ta kwanta, ta kama. In ta yi tsaye kamar ƙwallon goro, ƙarya take yi maka, ranar da zafi ya buge ta za ta sake ka."

Na yi kwana huɗu ina zuwa bayan an tashi daga makaranta, ina liƙe-liƙe a kan wani mataccen allon rediyo da ya ba ni, har hannuna ya daina rawa.

Matakin farko na ainihin aikin shi ne na'urar ta gane ruwa ya zo ta kuma tashe mu. Ma'aunin gudun ruwan da na saya, YF-S201, ɗan bututu ne na roba mai farfela a ciki, a jikin farfelar akwai maganaɗisu, duk zagayen da ta yi sai wani ɗan guntu da ke waje ya ji wucewarsa ya aika bugu ɗaya ta waya. Kimanin bugu 450 ne ke daidai da lita ɗaya. Na haɗa shi da ƙafa ta 2, domin ita da ta 3 ne kawai a wannan allo aka keɓe domin su katse duk abin da ƙwaƙwalwar take yi a ƙirga bugun nan take, ba tare da ko ɗaya ya wuce ba. Wani mai gyaran famfo ya yanka bututun da ke zuwa tanki ya saka mini ma'aunin, na rubuta umarni mai sauƙi cewa da zarar farfela ta juya a buga ƙararrawa. Na gwada da buta na ga yana aiki, na kwanta da murna.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare ƙararrawa ta tashi gidan gaba ɗaya, muka fito da bokitai, amma ko ɗigo babu. Ta sake bugawa ƙarfe biyu saura, ta sake bayan rabin sa'a, kuma ruwan bai iso ba sai kusan ƙarfe uku. Da safe na zauna ina bin umarnin layi-layi ina neman kuskure, ina zargin ko wayar ce take ɗaukar hayaniyar lantarki, sai maiɗakina da ke shara kusa da ni ta ce, "Malam, ai ba lalacewa ta yi ba, iska ta ji. Famfon nan sai ya yi tari kafin ya kawo ruwa." Ta bayyana mini cewa idan an daɗe babu ruwa bututun kan cika da iska, kuma idan aka sako ruwan daga nesa, iskar yake fara korowa, tana fita da huci tana tsayawa, wani lokaci har sa'a biyu. Ta ce tana bambanta su da kunne ko tana kwance: hucin iska yana zuwa ne a guntule, sannan a ji ƙara kamar mutum yana kurkure baki, sannan ruwa ja-ja mai laka ya biyo, sai daga baya farin ya daidaita. Duk bayanan da na karanta a intanet, na Faransanci da na Ingilishi, babu wanda ya ambaci wannan, domin masu rubuta su suna zaune ne a inda bututu ba ya taɓa bushewa. Abin da na'urar take buƙata yana wurin wadda ta yi shekaru tana kwana a gindin famfon, kuma daga ranar duk ƙa'idar da zan rubuta sai na fara tambayarta.

Maganin da na samo shi ne in ƙara mata wata hanyar ji ta biyu, wadda iska ba za ta iya ruɗa ba. Ruwan famfo yana ɗauke da gishiri-gishirin ƙasa, saboda haka lantarki yana ratsa shi, iska kuwa ba ya ratsa ta. Na huda ɗan guntun bututun roba na ɗaura ƙusoshi biyu masu murɗi, tsakaninsu kamar faɗin yatsa, na haɗa ɗaya da wuta, ɗaya kuma da ƙafar da ke auna ƙarfin lantarki tare da rezistans, wato ɗan guntun da ke rage gudun lantarki, mai om dubu 100. Wannan ƙafa tana mayar da abin da ta ji zuwa lamba tsakanin 0 da 1023, idan bututu a bushe yake lambar tana ƙasa, idan ruwa ya haɗa ƙusoshin sai ta yi tsalle sama. A nan ma sai da na yi gyara biyu. Da farko na sa guntun a ƙasa, inda bututun ya lanƙwasa, ashe ruwa yana kwanciya a wurin ko an ɗauke, don haka na'urar kullum cewa take akwai ruwa, sai na mayar da shi can sama kusa da bakin tanki inda yake tsiyayewa tas. Na biyu kuma, bayan mako biyu na kwance na tarar ƙusa ɗaya ta ci tsatsa ta zama kamar an tauna ta, abin da ni kaina nake koya wa ɗalibai cewa yana faruwa idan lantarki mai tafiya gefe ɗaya ya daɗe yana ratsa ruwa. Na canja su da ƙarfe marar tsatsa, wanda masu walda ke kira inos, na kuma gyara umarnin yadda ba za a ba ƙusar wuta ba sai na ɗan ƙiftawar ido sau ɗaya a kowace daƙiƙa, a auna a kashe.

Sabuwar ƙa'idar ta zama cewa ba za a buga ƙararrawa ba sai farfela tana juyawa, ƙusoshi kuma suna cikin ruwa, kuma hakan ya ɗore daƙiƙa 30 ba yankewa. Rubuta wannan ya tilasta mini barin umarnin jira da na saba da shi, wanda ke daskarar da ƙwaƙwalwar gaba ɗaya har lokacin ya cika, na koma amfani da agogon cikinta mai ƙirga dubu a kowace daƙiƙa, ina duba shi ina ci gaba da sauran aiki, kamar mai girki da ke leƙa tukunya tana kuma daka. Wannan ne wuri mafi wuya a gare ni a duk fannin rubuta umarni, na kwana uku kafin tunanina ya juya ya karɓe shi. Daren da muka gwada, na farka da kaina wajen ƙarfe biyu na ji famfo yana hucinsa, ƙararrawa kuwa shiru, na kwanta ina sauraro zuciyata tana bugawa. Can sai na ji sautin ya canja, ruwa ya fara faɗawa cikin tanki, na ƙirga a raina, kafin in kai arba'in ta buga. Maiɗakina ta fito daga ɗaki, ba daga tabarmar gindin famfo ba, ta cika randuna da bidu huɗu ta koma ta kwanta.

Sanin yawan ruwan da ke cikin tanki shi ne mataki na gaba, kuma nan ne zafin Damagaram ya nuna mini halinsa. Ma'aunin HC-SR04 yana da ido biyu, ɗaya yana fitar da sauti mai kaɗawa sau dubu 40 a daƙiƙa wanda kunnen mutum ba ya ji, ɗayan yana jiran amsa-kuwwarsa, daga tsawon lokacin da sautin ya ɗauka ya je ya dawo ake lissafa nisa. Ƙa'idar da kowa yake kwafa ita ce a raba lokacin da 58 a sami santimita, amma wannan lamba an gina ta ne a kan gudun sauti a digiri 20, wato kimanin mita 343 a daƙiƙa. Sauti yana ƙara gudu da kusan mita 0.6 a kowane digiri, saboda haka a cikin baƙin tankin roba da ya sha rana, inda iska ke kai digiri 45 ko fiye, gudunsa yana kusan 358. A nisan mita ɗaya kuskuren ya kai santimita 4, kuma a tankinmu mai lita 1000 kowace santimita kusan lita 9 ce, wato na'urar tana iya ƙara mana fiye da bido guda na ruwan da babu shi. Na lura da haka ne da na ga lambar tana hawa da rana tana sauka da dare alhali babu wanda ya taɓa tankin. Na ƙara ma'aunin zafi DS18B20 na rataye shi a cikin iskar tankin, na sa ƙwaƙwalwar ta riƙa lissafa gudun sauti da kanta kafin kowane awo, sai lambar ta natsu.

Amma bai yi wata ɗaya ba ya mutu, domin ruwan da ya yi tururi da rana yakan taru a jikin murfi da dare kamar raɓa, ya shiga idanun ya ci allon. Na maye gurbinsa da JSN-SR04T, wanda kansa a rufe yake ruf, sai dai shi kuma ba ya ganin abin da ya matso kusa da shi ƙasa da kimanin santimita 20, wato daidai lokacin da tanki ke dab da cika yake makancewa. Don haka ban ɗora masa alhakin rufe ruwa ba. Na sayi ɗan makunni mai yawo a kan ruwa, wanda ke da maganaɗisu a cikin zobensa, idan ruwa ya ɗaga zoben sai ya haɗa waya, na ɗaure shi a bakin tanki. A ganina duk abin da kuskurensa zai jawo ɓarna, gara a damƙa shi ga mafi sauƙin kayan aiki, a bar mai lissafi ya riƙa ba da labari kawai.

Wani abokin aikina ya tambaye ni dalilin da ya sa ban sa bawul mai balan-balan irin na bayan gida ba na huta, kuma tambayarsa tana kan hanya. Na gwada shi, amma ƙofarsa ƙarama ce, a raunin ruwanmu sai ya mayar da shi tsiyaya, mu kuwa sa'a ɗaya ko biyu muke da ita a dare, kowace lita tana da daraja. Bawul na lantarki na farko da na saya, mai aiki da maganaɗisu a bolt 12, shi ma bai yi ba. Ina jin ƙarar buɗewarsa, amma ruwa ba ya wucewa, sai da na kwance shi na ga ashe fatar roba ce a ciki wadda ƙarfin ruwan ne da kansa yake ɗaga ta, lantarkin ɗan rami kawai yake buɗewa, ruwanmu kuma ba shi da ƙarfin da zai ɗaga ta. Kuɗin nan sun tafi, kuma sai da na jira wata tafiyar ɗan'uwana kafin na sami bawul mai ɗan inji, wanda ke juya ƙwallo mai rami a cikin ƴan daƙiƙu ya buɗe hanya gaba ɗaya ko da ruwan ɗigo yake yi. Ƙafar Arduino ba ta ba da fiye da miliamfa 20 cikin aminci, injin kuwa yana buƙatar ninkin haka sau da yawa, shi ya sa rile biyun nan suka shiga tsakani, ɗaya ya tura wuta ta wannan gefe bawul ya buɗe, ɗayan ya juya ta ya rufe.

Wutar da za ta riƙe duk wannan ita ce ta fi ci mini rai. Ba zan dogara da kuran ba, tunda sau da yawa daren da ruwa ya zo babu shi, saboda haka na sayi batir mai bolt 12 da amfa-awa 7, da ɗan farantin hasken rana mai wat 20, wanda muke kira pano, da abin daidaita cajinsa. Da farko na jona batirin kai tsaye da allon, na bar ɗan guntun da ke kansa ya rage wutar zuwa bolt 5, amma irin wannan guntu ƙona rarar yake yi ta zama zafi. Idan rana ta take batirin yana kai bolt 14, rile kuma suna ja, sai guntun ya yi zafin da ba a iya taɓa shi, allon ya ɗauke ya dawo. Na sayo LM2596, wanda ke rage wuta ta hanyar yanka ta da sauri ba tare da asara mai yawa ba, kuma a nan na yi kuskuren da ya fi kowanne tsada. Yana da ƴar ƙusa da ake murɗawa a saita ƙarfin da zai fitar, ni kuwa cikin ɗoki na haɗa shi da allon kafin in auna da mitar awon wuta. Wani ɗan hayaƙi ya tashi, wari ya biyo baya, fitilar allon ta mutu. Da na auna daga baya na tarar kusan bolt 12 yake fitarwa. Na ji zafin abin ƙwarai, domin ba rashin sani ba ne, gaggawa ce. Na ɗauko allo na biyu, na murɗa ƙusar a hankali ina kallon mita har ta tsaya a kan 5.0, na ɗiga mata jan farce don kada ta motsa, sannan na haɗa.

Saura matsala ɗaya, wadda ta sa na koma rumfar dattijon nan. Duk lokacin da injin bawul ya tashi, sai ƙwaƙwalwar ta manta inda take ta faro daga farko, ta bar bawul rabi a buɗe. Ya saurare ni har na gama, ya jawo wata tsohuwar rediyo ya cire kondansato biyu, wato guntayen da ke tara wuta na ɗan lokaci, babba mai maikurofarad 1000 da ɗan ƙarami mai kama da ƙwayar wake. Ya ce in sa babban a bakin wutar allon ya zama kamar randa, idan inji ya ja da ƙarfi a sha daga ciki, ƙaramin kuma in liƙa shi a kan ƙafafun injin ya shanye tartsatsinsa, sannan in raba wayar injin da ta ma'aunai kada su bi hanya ɗaya. Ya ƙi karɓar ko dala, ya ce in dai abin ya yi aiki in zo in gaya masa. Na yi yadda ya ce, matsalar ta ɗauke, na kuma koma na gaya masa da ƙullin sukari da ganyen shayi.

Na tattara komai a cikin akwatin roba na kafe shi a inuwar katanga. Da damina ta sauka tururuwa suka shiga ta ramin waya suka yi gida a ƙarƙashin rile, na share su na toshe ramukan da gam, da hunturu ya zo kuma ƙura ta riƙa rufe panon har caji ya ragu, sai goge shi ya zama aikin babban ɗana duk ranar Juma'a. Na ƙara ɗan agogo mai suna DS3231 wanda ke da nasa batir, na sa na'urar ta riƙa rubuta ranar da ruwa ya zo, da lokacin, da yawan litar da ta shiga, a cikin wani ɗan wurin ajiya mai bait 1024 da ba ya gogewa ko wuta ta ɗauke. Kowane zuwa yana cin bait 8, don haka yana ɗaukar zuwa 128 kafin ya cika, ni kuma ƙarshen kowane wata nakan jona kwamfuta in kwashe in juya a littafi. Maiɗakina ta nemi gyara ɗaya da ban yi tunaninsa ba, cewa idan randuna a cike suke a bar ta ta yi barci, saboda haka na sa mata maɓalli a bakin ƙofar ɗaki, idan ta danna shi da dare tanki zai cika ya rufe kansa ba tare da ƙararrawa ba.

Yanzu abin da ke kan teburina shi ne wani ɗan allo mai suna SIM800L, wanda ake sa wa katin waya ya aika saƙo. Maƙwabta uku da ke kan layinmu sun roƙi a riƙa sanar da su idan ruwa ya iso, tunda bututu ɗaya ne yake ba mu duka. Allon yana son wuta tsakanin bolt 3.4 da 4.4, kuma lokacin da yake neman layi yakan fizgi har amfa 2 a ɗan taƙi, don haka sai na ware masa nasa mai rage wuta da babban kondansato. Na riga na saita shi a kan bolt 4 da mita a hannuna, na ɗiga jan farce, kuma ranar Alhamis mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan shiga Kasuwar Dole in sayo waya mai kauri da zan ja masa daga batir.